RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI
Darasi ga samari masu neman aikin amana a gwamnati

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Masanin abin da zukata suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen garinsu suka shaide shi da amana tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa matashi, wannan darasi naka ne, kai da ka gama makaranta kana zaune a Gagarawa Tasha, ko Gumel, ko Maigatari, ko Sule Tankarkar, kunnenka na ga rediyo, idonka na ga waya, kana jiran ranar da za a ce an buɗe ɗaukar soja, ko ɗan sanda, ko kwastan, ko shige-da-fice. Kai ɗan bakin iyaka ne, ka tashi kana ganin masu kaki a hanyar Maigatari kowace Alhamis. Ba laifi don ranka ya so irin aikinsu. Amma ka sani ba a miƙa wa mutum bindiga, ko hatimi, ko makullin sito, ko asirin ƙasa, sai an bincike shi. Wannan bincike shi ake kira tantancewa. Samari da yawa suna fāɗuwa a cikinta, kuma sau da yawa abin da ya kā da su ba shi ne abin da suke tsoro ba. Za mu duba abu biyu da ake bincike a kansu: lafiyar hankalinka da halinka.

FASALI NA ƊAYA: MENE NE TANTANCEWA?

Tantancewa hawa-hawa ce. Hawan farko takardu: shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru a kotu, da sakamakon jarrabawa, da lambar katin ɗan ƙasa, da fom ɗin mai tsaya maka, wanda wani babba sananne zai sa wa hannu ya ce ya san ka. Hawa na biyu jiki: tsawo, da faɗin ƙirji, da gudu, da gani, da jini, da fitsari, da shaidar likitan gwamnati cewa kana da lafiyar jiki da ta hankali. Hawa na uku shi ne wanda ba ka gani, watau a bi bayanka a ji ko kai wane ne.

Gwargwadon girman amana, gwargwadon zurfin bincike. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO, ta kafa uku a madadinta. Ɗaya daga ciki ita ce ta jami'an farin kaya, wadda yau aka fi sani da DSS, kuma tana cikin aikinta ta binciki waɗanda za a ɗora a kan manyan muƙamai. Kada ka zaci talaka kaɗai ake yi wa haka. A watannin Yuli da Agusta na 2023 an kai wa Majalisar Dattawa sunayen mutum 48 da ake so su zama ministoci, ta tabbatar da 45, ta dakatar da uku tana cewa sai an kammala binciken tsaro a kansu, cikinsu har da tsohon gwamnan Kaduna, Malam Nasiru El-Rufa'i. To, in an tsai da wanda ya yi gwamna shekara takwas a bakin wannan ƙofa, kai wane ne da za ka ce tsallake ta za ka yi?

Tambayar mai bincike guda ɗaya ce, ko da ta zo da fuskoki goma: wannan yaro, in an ba shi amana, akwai wata igiya da wani zai kama ya ja shi da ita? Riƙe wannan tambaya, da ita za ka gane duk abin da zai biyo baya.

FASALI NA BIYU: MUSULUNCI YA RIGA KOWA

Wani zai ce wannan duk tsarin Nasara ne. A'a. Duba Suratul Ƙasas, inda 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki. Dalili biyu ta kawo: ƙarfi da amana. Duba Suratu Yusuf, sa'ad da Annabi Yusuf (A.S.) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar. Shi ma siffa biyu ya ambata: tsarewa da sani. Malamai suka ce a kan waɗannan ginshiƙai ake gina kowane muƙami.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar (R.A.) zai yabi wani, ya ce ya san shi. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ko kuɗi ya taɓa haɗa su, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ashe bai san shi ba, ganinsa kawai yake yi a masallaci. Ka ji fom ɗin mai tsaya wa mutum tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Amma inda ya fi dacewa da darasinmu shi ne aikin malaman hadisi. Ba a taɓa tantance mutane a duniya kamar yadda suka tantance maruwaita ba. Sharaɗi biyu suka sa. Na farko adala, watau mutum ya zama mai gaskiya, mai addini, mai mutunci. Na biyu kiyayewa, watau kansa ya zama yana riƙe abin da ya ji daidai. To, lura da yadda suka bambanta hukuncin biyun.

Akwai wani malamin Kufa, Aɗa'u ɗan Sa'ib, mutumin kirki, amintacce. Da ya tsufa sai haddarsa ta rikice. Shin malamai sun zubar da shi? Ba su zubar ba. Suka ce waɗanda suka ji daga gare shi tun kansa na daidai, irin su Shu'uba da Sufyanus Sauri, a karɓi ruwayarsu. Wanda ya ji bayan rikicewa a dakata. Mutuncinsa na nan, sunansa na nan cikin littattafai. Amma wanda aka kama ya ƙirƙiri ƙarya guda ɗaya tak ya jingina wa Manzon Allah (S.A.W.), manyan malamai irin su Imamu Ahmad suka ce ba a sake karɓar ruwayarsa har abada, ko da ya tuba, tubarsa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ka gani? Rashin lafiya yana taɓa lokacin da ya faru ne kurum. Ƙarya kuwa tana cinye gaba da baya. Wannan shi ne zuciyar darasinmu, kuma za ka ga masu binciken zamani a nan suka tsaya su ma.

FASALI NA UKU: CIWON HANKALI CIWO NE

Mu a nan da an ce "taɓin hankali" sai mu hango mai tsumma yana tsince-tsince a bayan tasha. Wannan ƙarshen abin ne, kuma kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'i na ciwon da ya shafi hankali. Mafi yawa ciwon damuwa ne da na fargaba: mutum ya kasa barci, abinci ya fita ransa, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, ƙirjinsa ya riƙa bugawa ba dalili, ya ƙaurace wa mutane makonni. Akwai wanda ya ga tashin hankali, haɗarin mota ko harin 'yan bindiga, abin ya riƙa dawo masa a mafarki da farke. Akwai mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Duk waɗannan suna da suna a wurin likita, kuma suna da magani.

Shari'a ba ta ɗauki mai wannan ciwo mai laifi ba. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Kuma an umurce mu da neman magani. Yin ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta ba ya hana zuwa asibiti, kamar yadda mai zazzaɓin cizon sauro yake addu'a kuma yana shan magani. Abin da ba shi da asali shi ne a kai yaro wurin boka, ko a ɗaure shi da mari a yi ta dukansa wai ana korar aljani. Ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da Daura a watan Oktoba na wannan shekara, inda 'yan sanda suka fito da mutane masu yawa daga gidajen mari, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Wannan zalunci ne, ko da sunan me aka yi shi.

Wurin zuwa yana nan. A jiharmu ta Jigawa akwai asibitin masu ciwon hankali a Kazaure. A Kano akwai na Dawanau, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai, likita zai tura ka inda ya dace. Dokar ƙasa ma ta sake. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda aka gada daga Turawa, ta kau a watan Janairu na 2023, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta tanadi haƙƙin masu wannan ciwo, ta hana a wulaƙanta su ko a nuna musu bambanci.

To, yaya mai tantancewa yake kallon wannan? Bari mu leƙa Amurka, don su sun rubuta ƙa'idarsu a fili kowa na iya karantawa. Ƙa'idar da suka fara aiki da ita a 2017 ta jera abubuwa 13 da ake dubawa kafin a yarda mutum ya ga asirin gwamnati, cikinsu akwai bashi, da giya, da ƙwaya, da aikata laifi, da cuɗanya da 'yan wata ƙasa, da halin mutum, da lafiyar hankali. A kan na ƙarshen nan suka ce ba za a riƙe wa mutum zuwa ganin likitan hankali a matsayin aibi ba. Har ma tun 2008 suka gyara tambayar da ke fom ɗinsu, don sun ga sojojinsu da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan suna ƙin zuwa asibiti saboda tsoron rasa aiki. Abin da ke damunsu shi ne ciwon da aka ƙi yi wa magani, ko maganin da likita ya rubuta aka watsar, ko a tambayi mutum ya ɓoye.

Amma ba zan ruɗe ka ba. Aikin riƙe makami yana da sharaɗin lafiya mai tsanani, a nan da can. Mai yiwuwa ne likita ya duba ka ya ce wannan aiki bai dace da kai ba, kamar yadda zai faɗa wa mai raunin ido ko mai ciwon zuciya. In haka ta faru, tuna da Abu Zarri (R.A.). Ya roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi muƙami, Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma abin nadama ne ranar ƙiyama ga wanda bai ba shi haƙƙinsa ba. Wannan hani bai rage wa Abu Zarri daraja ko ƙwayar zarra ba. Ka yi tunani: saurayin da ba ya barci kwana huɗu, yana jin ana kiran sunansa, a ba shi bindiga mai harsashi talatin a shingen hanya ranar kasuwa. Hana shi rahama ce gare shi, da iyayensa, da direban da zai tsaya a gabansa. Hanyoyin arziki ba su ƙare a kaki ba.

FASALI NA HUƊU: IGIYOYI BIYAR

Yanzu mu zo ga hali, inda mafi yawan samari suke zubewa. Ga igiyoyin da ake jan mutum da su.

Ta farko, shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, wiwi ce kan gaba, sa'an nan irin su tiramol da kodin. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kai ka san yadda abin ke farawa a nan. Lokacin yankan riɗi ne, ko cirar zoɓo, ko lodin shanu a kara, wani ya miƙo maka ƙwaya ya ce "sha ka ji ƙarfi." Yau ɗaya, gobe biyu, bayan wata uku in ba ka sha ba jiki ya ƙi tashi. Tiramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wiwi tana iya buɗe ƙofar taɓin hankali ga wanda jikinsa ke da saurin kamuwa, musamman in ya fara da ƙuruciya. Watau wannan igiya tana ɓata hali da hankali gaba ɗaya. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana gwajin fitsari, kuma wiwi kan zauna a jikin mai yawan sha har makonni. Masu cewa ka sha tsamiya ko madara kwana biyu kafin gwaji suna yi maka dariya ne. Kuma ko ka tsallake, me ka tsallake? Jami'in da ke shan ƙwaya, dillalin ƙwaya ne ubangidansa.

Ta biyu, bashi da caca. Cacar ƙwallo ta shigo aljihun kowa ta waya, ga masu ba da rance ta waya da ruwa, waɗanda in ka makara sai su aika wa duk lambobin da ke wayarka cewa kai macuci ne. Allah Ya haɗa giya da caca a aya guda cikin Suratul Ma'ida, ba a banza ba. A Amurka an yi wani jami'in leƙen asiri, Aldrich Ames, mashayin giya, bashi ya yi masa katutu. A 1985 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat da ƙafarsa ya fara sayar da asiri, aka kashe mutane da dama saboda sunayen da ya bayar, ba a kama shi ba sai 1994. Bai fara da niyyar cin amanar ƙasa ba, da neman abin biyan bashi ya fara. Ɗan kwastan da ake bi bashin dubu ɗari biyar, in mai fasa-ƙwauri ya ajiye masa su a kan teburi da daddare, me kake zato?

Ta uku, takardun ƙarya. Rage shekaru ya zama ruwan dare har waɗansu ba sa ganinsa zunubi, alhali rantsuwa ce a kan ƙarya a gaban kotu. A 1999 Salisu Buhari daga Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a ƙasa. Bai cika wata biyu a kujera ba wata mujalla ta tona cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba shi da asali. Ya sauka yana kuka a gaban majalisa, kotu ta same shi da laifi, daga baya aka yi masa afuwa. A watan Satumba na 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki saboda takardar yafe hidimar ƙasa da aka gano ta jabu ce; ta ce waɗansu ne suka karɓo mata, ba ta sani ba. Duk da haka kujera ta tafi. Wannan ya ishe ka gargaɗi a kan mai ce maka "kawo kuɗi in haɗa maka takardu." Yau ga lambar katin ɗan ƙasa, ga ta banki, ga rajistar jarrabawa, duk suna cikin kwamfuta da ranar haihuwarka. In suka saɓa wa juna, kai za a tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta huɗu, abokai da harshe. Bangar siyasa, da faɗan daba, da sunanka a littafin ofishin 'yan sanda. Sa'an nan abin da yatsanka ya rubuta a Facebook, da abin da ka ɗora a TikTok, da saƙon da ka tura a WhatsApp ba ka ma karanta ƙarshensa ba: zagin ƙabila, yabon 'yan ta'adda, hoton tsiraici, barazana. Kai ka manta, intanet ba ta manta ba. Musulmi ya riga ya san akwai masu rubuta duk abin da ya furta. Yanzu masu rubutun sun ƙaru.

Ta biyar, dangi. Wannan ta shafe mu ƙwarai mu mutanen iyaka. Da wuya ka sami gida a Maigatari ko Sule Tankarkar da ba shi da ɗan'uwa a Dungas ko Magarya ko Damagaram. Wannan ba laifi ba ne, zumunci ne da ya girmi iyakar kanta. Amma dubi ƙissar Haɗibu ɗan Abu Balta'a (R.A.). A shekara ta 8 bayan hijira Annabi (S.A.W.) yana shirin tafiya buɗe Makka a asirce, sai Haɗibu ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa ya ba wata mata ta ɓoye a kitsonta. Aka aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu suka tare ta a hanya suka karɓo. Da aka tambaye shi, bai yi musu ba. Ya ce iyalinsa na Makka, ba shi da dangi a can da za su kāre su, shi ne ya so ya yi wa Ƙuraishawa wani abin da za su saka masa da shi. Annabi ya gaskata shi, ya yafe masa saboda ya halarci Badar, kuma a kansa farkon Suratul Mumtahana ya sauka. Darasi biyu ke nan. Ɗaya, sahabin Badar ma an ja shi ta igiyar iyali, balle kai. Biyu, gaskiyar da ya faɗa nan take ita ta tsaya masa. Mun ga an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A irin wannan lokaci kawunka ne zai zo da mota cike da kaya ya ce, "Ɗana, ai ba ka hana ni wucewa ba." Tun yau ka shirya amsarka. In kuwa fom ya tambayi danginka na waje, rubuta su duka.

FASALI NA BIYAR: MISALIN SAMARI BIYU

Bari in buga maka misali. Samari biyu 'yan unguwa ɗaya, dukansu mahaifinsu ya rasu, dukansu barci ya ƙaurace musu. Na farko ya gaya wa yayansa, aka kai shi asibiti, ya sha magani wata shida yana komawa ganin likita, ya warware, ya koma gonarsa da karatunsa. Na biyu ya ce shi namiji ne, kada a ji, ya sayi ƙwayar barci a kemis ba takarda, da safe kuma ya sha ta wartsakewa. Bayan shekara biyu aka buɗe ɗaukar aiki. Na farko aka tambaye shi, ya ce e, ga katina, ga rahoton likita. Na biyu ya ce bai taɓa ciwo ba, fitsarinsa ya ce ƙarya yake. Ko da an ce duka biyun ba su samu ba, na farko ya koma gida da lafiyarsa da sunansa, ƙofofi da yawa na buɗe gare shi. Na biyu fa? Wanda ya ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi.

TAMBAYOYI DA AMSA

Tambaya: Malam, na taɓa shaye-shaye amma na tuba. In faɗa, ko in rufa wa kaina asiri?

Amsa: Ba a ce ka hau mumbari ka yi shelar zunubinka ba, suturar Allah abin riƙewa ce. Amma in hukuma ta tambaye ka kai tsaye a fom da za ka sa wa hannu, wannan haƙƙin jama'a ne ya shigo, ƙarya ba ta halatta. Ko dai ka faɗi gaskiya tare da nuna tsawon lokacin da ka daina, ko ka haƙura da neman wannan gurbi. Masu bincike suna duba daɗewar abu, da shekarunka sa'ad da ka yi shi, da alamun ka canja.

Tambaya: Ina shan maganin da likita ya rubuta mini. In daina kafin gwaji?

Amsa: Kul! Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya dawo da ciwon fiye da da. Je da takardar likitanka, ka nuna tun ba a tambaya ba, don waɗansu magunguna na halal suna fitowa a gwajin fitsari.

Tambaya: An ce ba a samu sai da kuɗi ko hanya.

Amsa: Ba mu ce babu ɓarna a ƙasa ba. Amma an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Kuma wanda ya sayar da gonar gado ya sayi gurbi, ranar da ya sa kaki zai fara neman mayar da kuɗinsa daga aljihun talakawa. Da yawa ma 'yan damfara ne ke cinye kuɗin. Haka mai ba ka laya ko rubutun rufe bakin masu tantancewa: ya ci kuɗinka, ya taɓa tauhidinka.

KIRA GA MASU TSAYA WA YARA

Iyayenmu dagatai da hakimai, da malamai, da manyan ma'aikata, sa hannu a fom shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Kada kunyar uban yaro ta sa ku tsaya wa wanda kuka san ba ya rabuwa da ƙwaya. Kada kuma ku ƙi tsaya wa yaron kirki don kawai an taɓa kai shi Kazaure ya warke. Ku yi wa kanku tambayoyin nan uku na Sayyidina Umar kafin ku ɗauki alƙalami.

RUFEWA

Ya ɗan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tantancewarka ba ranar da ka shiga layi a Dutse take farawa ba, ta riga ta fara a majalisar da kake zama da daddare, da wurin mai shagon da ke bin ka bashi, da cikin wayar da ke hannunka. Tun yau ka duba takardunka, in akwai saɓani ka gyara ta hanyar doka. Ka biya bashi, ka bar caca, ka goge abin da ka san ba ka so a gani, ka tuba daga gare shi. In ƙwaya ta kama ka, nemi taimako, don barinta kai kaɗai yana da wuya. In ka ga barcinka da tunaninka sun sake har mako biyu ko fiye, gaya wa wanda ka amince da shi, ku je asibiti. In kuwa zuciyarka ta fara raya maka ka hallaka kanka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai, a yau ɗin nan ka faɗa wa wani.

Wanda ya shiga aikin gwamnati yakan yi rantsuwar riƙe asiri, kuma dokar asirin gwamnati ta 1962 ta tanadi ɗauri ga mai tonawa. Amma kai kana da abin da ya fi wannan doka tsoratarwa: ranar da za a bincike asirai, babu mai tsaya wa wani, babu takardar da za a gyara, gaɓoɓinka ne shaidu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi samarinmu, Ya ba su sana'a ta halal, Ya sa mu cikin masu tsare amana da alkawari. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya yafe mana.